Bashin Kuɗin Makaranta Idan Ya Kai Hannun Masu Karɓa

 

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma akwai wani irin bashi wanda kakanni ba su san shi ba, ga shi kuwa yanzu ya shiga gidajen Musulmi da yawa, musamman masu 'ya'ya a jami'o'in ƙasashen waje. Watau bashin da jami'a da kanta take bin ɗalibi, na kuɗin karatu ko na ɗakin kwana, wanda in an daɗe ba a biya ba sai ta miƙa shi ga wani kamfani wanda ba shi da wata sana'a sai karɓar bashi.

A Amurka ne wannan al'amari ya fi yawa. Wata cibiyar bincike mai suna Ithaka S+R ta ƙiyasta a 2020 cewa mutum wajen miliyan 6.6 ne jami'o'in ƙasar suka riƙe wa takardun sakamakon karatu saboda bashi, jimlar kuɗin kuwa tana iya kaiwa dala biliyan 15. Sau da yawa ba almubazzaranci ne ya jawo shi ba. Yaro ya fara zangon karatu da tallafin gwamnati, sai rashin lafiya ko rasuwar mahaifi ta sa ya tsaya. Bisa ƙa'idarsu, in ya bar karatu kafin ya cika kashi 60 cikin 100 na zangon, jami'a takan mayar wa gwamnati abin da ya rage na tallafin, sa'an nan ta juyo kansa ta ce ya cike giɓin. In watanni suka wuce bai biya ba, sai takardu su fara zuwa daga mutanen da bai taɓa jin sunansu ba. A ɗora masa ladan karɓa, wanda yakan kai rubu'in bashin ko sulusinsa, a kuma sa sunansa cikin kundin masu taurin bashi, inda zai iya zama har shekara 7. Wanda sunansa ya shiga nan, ko gidan haya ya nema sai ya sha wuya. A jihar Ohayo ma, ofishin babban lauyan jiha ne yake bin bashin jami'o'in gwamnati.

Abin bai tsaya can ba. Dalar da ake saya kimanin naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sai kuɗin da iyaye suka tara na shekara guda ya koma bai isa zango ɗaya ba. A watan Mayu na 2024 aka ji labarin ɗalibai 'yan Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila, waɗanda aka dakatar da su daga karatu saboda sun kasa cika biya, har aka umurci waɗansunsu su bar ƙasar. Saboda haka ya kamata a san abin da shari'a ta ce, tun takarda ba ta iso ƙofar gida ba.

Abu na farko shi ne a tabbatar cewa wannan bashi ne na gaskiya. Shiga jami'a a kan kuɗi sananne, zuwa lokaci sananne, shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira ijara, watau sayen amfani ko aiki da lada. Koyarwa kuwa aiki ne mai ƙima tun farkon Musulunci. Bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansarsu. Malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada ko a kan koyar da Alƙur'ani, balle likitanci ko aikin injiniya. To, wanda ya sa hannu a takarda, ya zauna a aji, ya kwana a ɗakin makaranta, lada ya hau kansa, ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi.

Akan ji waɗansu samari suna cewa ai kuɗin Nasara ne, ko kuwa ai jami'ar tana da dukiyar da ba za ta san an ci wannan ba. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Malamai sun yi bayani tun da daɗewa cewa wanda ya shiga ƙasar waɗanda ba Musulmi ba da izininsu da amincewarsu, haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu, bizar da ke cikin fasfo kuwa ita ce wannan amana a yau. Daren hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar Sayyidina Aliyu a Makka don ya mayar da kayan ajiyar mutanen da suka kewaye gidansa da takubba. Ya kuma bar duniya sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir. In wanda aka aiko da addinin bai ɗauki bambancin addini hujjar cin haƙƙi ba, ina wani zai samo ta? Ban da wannan ma, kowane ɗalibi da ya tsere da bashi ya ƙuntata hanya ga ƙannensa, gama jami'a takan ƙara tsauri a kan duk wanda ya zo daga baya da irin fasfonsa.

Nauyin bashi a Musulunci ba ƙarami ba ne. Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u cewa an kawo wata gawa, Annabi ya tambaya ko ana bin mamacin bashi, aka ce dinari 3, bai kuwa bar komai ba. Sai ya ce wa sahabbai su sallaci ɗan'uwansu, shi bai matsa ba, har Abu Ƙatada ya ɗauki biyan a kansa. Muslim kuma ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi kowane zunubi in ban da bashi. Dalili kuwa a fili yake: haƙƙin Allah tuba tana kankare shi, haƙƙin mutum sai an biya ko mai shi ya yafe.

Amma fa shari'a ba ta haɗa masu bashi duka a kwando ɗaya ba. Akwai mawadaci mai ja da biya, akwai matalauci wanda ba shi da shi. Na farko, hadisin Abu Huraira ya kira jinkirinsa zalunci, alƙali kuma yana da ikon tilasta shi, har ya tsare shi. Na biyu, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta wajabta a saurara masa har ya sami sauƙi, ta kuma nuna cewa yafe masa ya fi alheri. A nan ne mutane suka fi ruɗin kansu, gama kusan kowane mai bashi yana lissafa kansa cikin kashi na biyu. Ga saurayi ya gama karatu ya sami aiki, ya sake waya sau biyu a shekara, ya yi bikin da aka kwana bakwai ana shagali, watakila ma ya je umra, amma in aka ambaci dala dubu biyu da tsohuwar makarantarsa take bin sa sai ya ce hali bai yi ba. Wannan mawadaci ne ko da aljihunsa ya wayi gari wayam, don ya fifita abin da ba dole ba a kan abin da yake dole. Ma'aunin da littattafan Malikiyya suka kafa a babin fatara shi ne, ana bar wa mutum abincinsa da na iyalinsa na ɗan lokaci da tufafinsa na al'ada, abin da ya ƙaru a kan haka na masu bin sa ne. Umrar nafila ba ta gabatar bashin da lokacinsa ya yi.

Sai batun shi mai karɓar. Mutum yakan ce, ni da jami'a muka yi, wannan kamfani ban san shi ba. Lalle bai san shi ba, amma wannan ba ya sauke komai. Galibi kamfanin wakili ne kawai, yana karɓa da sunan jami'a a ba shi ladansa, wakilci wajen karɓar bashi kuwa halal ne ba tare da saɓani ba, kuma ba a bukatar yardar wanda ake bi. Wani lokaci kuwa sayen bashin ake yi ɗungum a kan kuɗi kaɗan, mai saye ya nemi cikakken adadi. Wannan ciniki, kuɗi da kuɗi ba daidai ba kuma ba hannu da hannu ba, ɓatacce ne a shari'a. Malikiyya, waɗanda su ne suka fi sassauci a kan sayar da bashi ga wani, sun gindaya sharuɗɗa, cikinsu har da cewa wanda ake bi ya kasance yana nan ya kuma amsa bashin, a biya nan take da abin da ba jinsin bashin ba, kada kuma a sami ƙiyayya tsakaninsa da mai saye. Saboda haka bai halatta Musulmi ya kafa irin wannan sana'a ta sayen bashi da rangwame ba. Amma laifin cinikin yana kan masu yinsa. Shi ɗalibi, asalin abin da ya ci yana nan a wuyansa, kuma in jami'a ta tabbatar masa cewa biyan wancan ya wadatar da ita, ya biya ya kuɓuta.

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne ɓuya. Takarda ta zo a jefa ta ƙarƙashin katifa, waya ta yi ƙara a ƙi ɗauka, a ce wa abokin ɗaki ya ce ba a nan. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi yana yawan neman tsari daga bashi, da aka tambaye shi dalili sai ya bayyana cewa mai bashi yakan yi magana ya yi ƙarya, ya yi alkawari ya saɓa. Mai ɓuya ya riga ya shiga wannan rami. A dokar ƙasar ma ɓuya hasara ce. Dokar da Amurka ta kafa a 1977 a kan masu karɓar bashi ta tilasta musu su aiko da sanarwa a rubuce, ta ba wanda ake bi kwana 30 ya yi musu a rubuce, in kuwa ya yi, dole su dakata har sai sun kawo shaida. Ta hana su kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, ta hana zagi da barazanar ƙarya da tallata bashin mutum ga maƙwabta. Wanda ya bar kwanakin nan suka wuce ya zubar da garkuwar da aka miƙa masa. Wanda kuma aka aiko wa sammaci ya ƙi zuwa, alƙali yakan yanke hukunci ba ya nan, daga nan a fara yankar albashinsa.

Neman shaida ba taurin kai ba ne. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da kafa shaidu, da cewa kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Ma'aikatan ofis sukan yi kuskure, akan lissafa wa yaro zangon da ya riga ya janye daga cikinsa bisa ƙa'ida, ko a manta da tallafin da aka yi masa alkawari. Yana da haƙƙi ya ce a warware masa lissafin layi layi: nawa ne kuɗin karatu, nawa ne tara, nawa ne kuɗin ruwa, nawa ne ladan masu karɓa.

Wannan rarrabewa tana da muhimmanci, don hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Duk ƙarin da aka ɗora a kan bashi saboda lokaci ya wuce, ko an kira shi kuɗin ruwa ko an kira shi tarar jinkiri, shi ne ainihin ribar jahiliyya, inda mai bin bashi yakan ce ko a biya ko a ƙara. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta halatta sharaɗin tara a cikin yarjejeniyoyi kamar na kwangila, amma ta keɓe inda abin da ke kan mutum bashi ne, ta ce wannan riba ce. Ladan karɓa kuwa akwai bayani a cikinsa. Ibnu Taimiyya ya tafi a kan cewa in mai hali ya ja biya har ya tilasta wa mai haƙƙi kai ƙara, to abin da aka kashe bisa al'ada yana kan azzalumin. Wannan ya shafi kuɗin da aka kashe da gaske, a kan mawadaci. Amma a yanka sulusi a ɗora wa yaron da ya bar makaranta don jinyar uwarsa, wannan babu fuskar da shari'a za ta karɓe shi.

To, me ɗalibi zai yi da ƙarin da addininsa bai yarda da shi ba amma dokar ƙasar ta tsaya masa? Ya yi iyakar ƙoƙarinsa a cire shi: ya rubuta wa ofishin kuɗi na jami'a ya roƙa su janye bashin daga hannun kamfani ya biya su kai tsaye, ya nemi a yafe tarar in zai biya asali, ya kai takardun asibiti in rashin lafiya ce ta fitar da shi. Jami'o'i da yawa suna da kwamitin da ke duba irin wannan koke. In duk ya gagara, aka tilasta shi, zunubin yana kan mai karɓa, shi kuwa ya gaggauta biya don kowane wata da ya wuce riba ce take hayayyafa a kansa. Abin da ba shi da uzuri a kai shi ne ya je da ƙafarsa ya ci sabon bashi mai ruwa, na banki ko na katin bashi, don ya toshe tsohon, alhali akwai hanyar biya kaɗan kaɗan.

Akwai kuma ƙofar sulhu, wadda mutane da yawa suke tsammani haramun ce. Ka'abu ɗan Maliku ya bi Ibnu Abi Hadrad bashi a cikin masallaci har muryoyinsu suka tashi. Annabi ya ɗaga labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu ishara da hannu ya sauke rabi, Ka'abu ya amsa, sa'an nan ya umurci ɗayan ya tashi ya biya. Abin da malaman mazhabobi suka hana shi ne rage bashin da lokacinsa bai yi ba don a gaggauta biya. Bashin da ya riga ya kai hannun masu karɓa lokacinsa ya daɗe da yi, saboda haka in suka yarda su karɓi dala 1,200 a madadin 2,000 su rufe littafi, halal ne, ragowar kuma ta faɗi. Sharaɗi shi ne kada a samo rangwamen da ƙarya. Wanda ya ɓoye ajiyarsa ya rantse ba shi da ko sisi, yafewar da aka yi masa ba ta wanke shi ba, don an yi ta a kan abin da ba haka yake ba. Kuma kada a biya ko kwabo sai an riƙe takardar yarjejeniya a hannu, a adana rasiɗi kamar yadda ake adana takardar gida.

Wani abin da yake ruɗin mutane shi ne wa'adin kai ƙara. A Ingila, bashi irin wannan in ya shekara 6 ba a biya komai ba, ba a kuma amsa shi a rubuce ba, kotu ba ta sauraron ƙararsa. Jihohin Amurka ma kowace tana da nata wa'adi. Sai mutum ya zauna yana ƙidayar shekaru kamar mai jiran fita daga kurkuku. Malaman Musulunci su ma sun san cewa alƙali yana iya ƙin sauraron ƙarar da ta tsufa, amma sun bambanta rufe ƙofar kotu da faɗuwar haƙƙi. Wanda ya san a ransa ya ci, ana bin sa ko bayan shekara 40.

Masu bin bashin su ma akwai magana a kansu, musamman da yake Musulmi da yawa yanzu sun mallaki makarantu da jami'o'i. Riƙe takardar sakamako dabara ce mai cin kanta. Da takardar ne yaro zai sami aikin da zai biya, ko ya koma wata makaranta mai sauƙin kuɗi ya ƙarasa, to an kama manomi an ƙwace fartanyarsa an ce sai ya kawo hatsi. Jihar Kalifoniya ta hana wannan tun daga farkon 2020, waɗansu jihohi suka bi ta, a watan Yuli na 2024 kuma gwamnatin tarayyar Amurka ta taƙaita shi a kan zangunan da aka biya da tallafinta. Abin kunya ne a ce waɗanda ba su karanta Suratul Baƙara ba sun riga mai makaranta Musulmi gane wannan. Yana da haƙƙi ya nemi kuɗinsa, malamansa ma albashi suke jira, Annabi kuwa da kansa ya hana sahabbai taɓa mutumin da ya zo yana bin sa bashi da kaushin harshe, don mai haƙƙi yana da bakin magana. Amma a kira sunan yarinya a gaban taron ɗalibai, ko a fitar da ita daga ɗakin jarrabawa da takarda a hannu saboda laifin da ba nata ba, wannan ya wuce neman haƙƙi. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi hasara a cinikin 'ya'yan itace, aka tara masa sadaka ba ta isa ba, Annabi ya ce wa masu bin sa su ɗauki abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan.

Wannan hadisi ya nuna cewa jama'a ma suna da rabo a cikin nauyin. Masu bashi suna cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a masu cin zakka, in dai ba a ci bashin don ɓarna ba, neman ilmi mai amfani kuwa ba ɓarna ba ne. Attajirin da yake rarraba zakkarsa naira dubu dubu a ƙofar gida har ta ƙare ba ta canja halin kowa ba, da ya tattara ta ya fanshi takardar likita ɗaya da ya yi abin da gari zai daɗe yana amfana. Wanda kuma ya tsaya wa ɗalibi, kawu ne ko kamfani ko gwamnati, lamuni ya ɗauka, mai lamuni kuwa mai biya ne. Ɗaliban da Jihar Kano ta tura Arewacin Saifurus sun shekara da shekaru takardunsu suna riƙe, sai a 2025 gwamnatin jihar ta biya aka sake su. Bashin gwamnati ba ya tafiya da gwamnan da ya sa hannu. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda Nijeriya ta kafa a 2024, ba shi da kuɗin ruwa, ana kuma fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Wannan rance ne mai kyau a ma'aunin shari'a, amma rance ne, ba rabon ganima ba, wanda ya ci ya ƙi biya ya hana na bayansa.

In mutuwa ta riski mai irin wannan bashi, ko ɗalibin ne ko uban da ya sa hannu, ana fitar da shi daga dukiyar da ya bari bayan kuɗin likkafani da binnewa, kafin wasiyya, kafin rabon gado. Magada su rubuta wa jami'a su sanar da ita, gama waɗansu sukan yafe in sun ga takardar shaidar rasuwa. In bai bar komai ba, ba a tilasta wa 'ya'yansa ko matarsa su biya daga aljihunsu, sai dai wanda ya yi kamar Abu Ƙatada don jin ƙai. Malikiyya kuma sun halatta a biya wa mamaci bashinsa daga zakka.